Darasi na Tara: Zaɓen Man Aikin Tagulla da Yadda Ake Cire Shi

Tagulla haɗi ce ta ƙarfe biyu, jan ƙarfe da tutiya. Wadda ta fi daɗin lanƙwasawa da bugu ita ce mai kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Da irinta ake yin faranti, da buta, da zobe, da awarwaro, da kayan adon doki irin waɗanda muke gani ranar Hawan Daushe. Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi ya ga aikinta a rataye, kuma sana'ar ta daɗe a birnin nan na Kano, don kasuwar ma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Wannan darasi a kan mai yake. Idan za a ja tagulla ta zama waya, ko a danna ta cikin mazubin ƙarfe ta ɗauki siffa, ko a yanka ta da zarto, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. In babu abin da ya shiga tsakaninsu sai zafi ya tashi, tagullar ta kakkarce, wani lokaci ma ta maƙale a mazubi har sai an lalata ta kafin ta fito. Mai shi ne yake shiga tsakani. Amma baƙo ne, aiki ɗaya ya kawo shi, in ya gama sai a sallame shi. Don haka tun kafin ka shafa, tambayi kanka: da me zan cire shi?

Wane mai?

Ga jan waya da yankan zarto, babu kamar kakin zuma. Ba ya zuba, ba ya kwasar ƙura, kuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, saboda haka ko ranar watan Afrilu ba ta mayar da shi ruwa a cikin rumfa. Ka goga shi a bakin wayar sau ɗaya, ka goga a haƙoran zarto, ya wadatar. Matsalarsa guda ce: ruwan sanyi ba ya taɓa shi. Sai ruwan zafi sosai da sabulu, ko kananzir.

Sabulun sanda shi ne mai sauƙin kuɗi da sauƙin fita. A jiƙa shi ya yi kauri kamar kunu, a shafa, a bari ya ɗan sha iska. Yana yin aikin dannawa marar zurfi, kuma ruwa kawai ke wanke shi. Ga sabon koyo, da shi ya kamata a fara.

Kitsen tunkiya ko na sa da aka narke aka tace yana jure danna mai ƙarfi. Haka man kaɗanya, sai dai shi da bazara yana sakin jiki ya gangare daga inda aka sa shi. Man gyaɗa da manja suna yin aiki a ranar, amma in suka kwana biyu a jikin tagulla sai su yi ɗanko, su fara cin ta, ka wayi gari ka ga kore-kore a lungunan zane. Wannan koren guba ne. Wanda zai yi amfani da man girki a aiki, to ya wanke shi a ranar, kada ya ce sai gobe.

Akwai kuma wanda ya fi kowanne yawa a rumfunanmu, kuma shi ne ya fi kowanne illa: baƙin man da aka juye daga inji. Ana samunsa kusan kyauta a garejin makanikai, shi ya sa ake son sa. To amma cike yake da ɓarɓashin ƙarfe da toka, waɗanda ke karce fuskar aiki, kuma yawan taɓa shi da hannu tsirara yana cutar da fata. Man giya na mota shi ma a bar wa mota, domin wasu nau'o'insa suna ɗauke da farar wuta mai baƙanta tagulla. In dole sai man kanti, man keken ɗinki ya fi, tsarkakakke ne kuma marar kauri.

Ba kowane aiki ne ma yake son mai ba. Magagari ba a sa masa mai, don sai ya riƙa zamewa a kan tagulla ba ya ci. Alli ake goga masa don kada haƙoransa su toshe. Ƙaramar huda ma, sau da yawa a bushe ake yin ta.

Yawan da ya kamata

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, don haka mu saurari wannan hira tsakanin wani maigida da yaron rumfarsa. Mutum biyu su karanta ta a aji, kowa ya ɗauki murya ɗaya.

Yaro: Baba, duba murfin nan. Ya fito da lotsawa a kafaɗa, kuma wallahi ban buge shi ba.

Maigida: Kawo in gani. Mai nawa ka sa?

Yaro: Na cika shi sosai, Baba. Na jiya ne ya maƙale, shi ya sa na ce yau ba zan yi rowa ba.

Maigida: To ai man ne ya lotsa shi. Ka danna tagulla cikin mazubi, mai ya taru a kusurwa, ya rasa hanyar fita. Shi mai ba ya matsuwa. Mazubi ƙarfe ne mai tauri, ba zai ba shi wuri ba. Wa ya rage?

Yaro: Tagullar.

Maigida: Ita ce mai laushi, ita za ta kauce. Ɗauki tsumma ka share cikin mazubin tukuna. Sannan ka taɓa man da ɗan yatsa, ka murza a tafin hannu, ka shafa a jikin bangon kaɗai. Kada ka kai kafaɗa.

Yaro: Ta yaya zan san ya isa, Baba?

Maigida: Yatsa ya ji santsi, ido bai ga mai ba. In kana ganinsa yana ƙyalli, ya yi yawa.

Abin da maigidan nan ya faɗa haka yake ko'ina ake matsa tagulla. A Amurka, inda dokarsu ta yarda maharba su sake cika kwanson harsashi a gida, wannan lotsawa sananniya ce gare su, kuma dalilinta ɗaya ne da na murfin yaron nan. Da yawansu suna amfani da wani maiƙo da ake samu daga gashin tumakin ƙasashen sanyi, mai suna lanolin, suna sirka shi da sifirit don ya bazu siriri. Mu a nan wannan sana'a ba tamu ba ce: Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko riƙe shi ba tare da izinin hukuma ba. Inda abin ya shafe mu shi ne wajen sayen tsohuwar tagulla a hannun 'yan gwangwan. A zazzage buhu a ƙasa a duba ɗaya bayan ɗaya kafin a zuba a tukunyar narki. Harsashi ɗaya mai rai in ya shiga wuta zai fashe, yana iya ji wa mutum mummunan rauni. Ko kwanson da ake ganin fanko ne, gindinsa yana iya kasancewa bai tashi ba. Kada a buga shi, kada a gasa shi, a sanar da mai unguwa ko 'yan sanda.

Me ya sa sai an cire?

Tagulla tana taurara in ana bugunta, shi ya sa ake mayar da ita wuta har ta yi ja-ja kaɗan don ta sake laushi. In da mai a jikinta lokacin, sai ya ƙone ya bar baƙin tabo mai wuyar gogewa. Wajen liƙi kuma, dalma ba ta bin wurin da ke da maiƙo, sai ta dunƙule ta gangare, haɗin ya zama na ganin ido kawai, ya ɓalle a hannun mai saye. Ga kuma ƙurar hunturu. Aikin da aka ajiye da mai a kansa a watan Janairu, kafin la'asar ya kwashi ƙura, in ka sa tsumma ka share sai ƙurar ta zama yashin da zai kakkarce shi. Faranti ko buta da za a ci ko a sha a ciki, wannan ba ya ma bukatar bayani.

Yadda ake cirewa

Fara da busasshen tsumma na auduga, ka kwashe mafi yawan man. Wannan mataki mutane ke tsallakewa, sai su ɓata ruwa da sabulu a banza. Bayan nan ruwan zafi da omo ko sabulun wanke-wanke, a bar aikin a ciki na ɗan lokaci, a bi lunguna da tsohon buroshin haƙori. A ɗauraye da ruwa mai tsabta sau biyu.

Kakin zuma da giris su ne masu taurin kai. A share su da kananzir tukuna, sannan a bi da ruwan sabulu, domin kananzir ma yana barin nasa maiƙon. Sifirit ya fi shi tsabta, yana bushewa nan take, sai dai tsada. Fetur kuwa kada ya shigo rumfar da ake hura wuta. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da garwashi ko da galan ɗin yana nesa. Kananzir da sifirit ma a yi aiki da su a waje, nesa da zuga-zugi, kuma tsumman da ya sha su kada a tara shi kusa da murhu.

Mutane da yawa suna ɗauka tsamiya ko lemon tsami da gishiri suna wanke mai. Ba sa yi. Aikinsu cire dusashewa ne, su fito da hasken tagulla, kuma sai bayan mai ya fita suke kama ta sosai. In an bar aiki ya daɗe a cikinsu sai tsamin ya cinye tutiyar da ke sama, tagulla ta koma jaja-jaja. Minti kaɗan ya isa, a ɗauraye.

Ga hanyar gwaji mai sauƙi: zuba ruwa a kan aikin. In ruwan ya shimfiɗu ya rufe ko'ina, mai ya fita. In ya tattaru ɗigo-ɗigo, da saura, a koma. Daga nan a busar da sauri, ko a rana ko a binne aikin cikin busasshen garin katako, don ruwan da ya bushe da kansa yana barin tabo.

Abu guda da ya kamata masu kayan doki su sani

Akwai wani sinadari mai wari mai hawa kai da ake kira amoniya. Yana cikin wasu magungunan goge tagulla na gwangwani, yana kuma tashi daga fitsarin dabbobi. Tagullar da aka buga ta taurara ba a mayar da ita wuta ba, in ta daɗe tana shaƙar wannan wari cikin laima, sai ta tsage da kanta ba wanda ya taɓa ta. Sojojin Ingila a Indiya ne suka fara lura da haka: da damina suna ajiye harsasai a bargar dawaki, in rani ya yi sai su tarar kwansuna sun tsattsage. Sai a 1921 masana suka bayyana cewa fitsarin dawakin ne. To mu da muke da barga a cikin gari, mu kula. Likkafa da ƙararrawa da sauran adon tagulla, in an sauko daga hawa a wanke su, a busar, a kai su ɗaki, kada a rataye su a barga har wata sallar. In an yi amfani da maganin gogewa na gwangwani, a share shi tas, musamman a bakin haɗi da cikin zane.

Aikin aji

Malami ya kawo guntayen tagulla uku. A shafa wa ɗaya sabulu, ɗaya kakin zuma, ɗaya man gyaɗa. A wanke duka da ruwan sanyi kaɗai, a yi gwajin ruwa, kowa ya rubuta abin da ya gani a jimla biyu. Guntun man gyaɗan a sake shafa masa, a ajiye shi har mako mai zuwa.

Amsa waɗannan a littafinka:

1. Me ya lotsa murfin da yaro ya kawo wa maigidansa?

2. A cikin kilo 20 na tagulla mai kashi 70 da 30, kilo nawa ne jan ƙarfe, kilo nawa ne tutiya?

3. Me za ka yi in ka ga harsashi a cikin buhun tsohuwar tagulla?

4. Rubuta sunan man da ake amfani da shi a rumfarku ko rumfar maƙwabcinku, da abin da ake wanke shi da shi.