Darasi na 6: Tsara Ƙasar Gari da Barin Hanyar Namun Daji

Tsara amfani da ƙasa shi ne mutanen gari su zauna su yanke inda za a yi noma, da inda za a yi kiwo, da dajin da za a bari, tun kafin kowa ya ɗauki gatari.

Abin da ya faru a fadamar kogin Logone, a arewacin Kamaru, ya isa a yi nazari a kansa. A shekarar 1979 an gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa, sai ambaliyar da ke shayar da fadamar kowace shekara ta ragu ƙwarai. Ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya suka rasa wurin kiwon rani, namun gandun dajin Waza kuma suka ragu, domin ruwan da saniya ke sha shi ne barewa ke sha. Sai a 1994 aka buɗe wa ruwa hanya, sannan ciyawa da kifi suka fara dawowa.

Giwa ba ta san iyakar gandu ba. Da rani wasu giwayen Waza kan nufi arewa zuwa gandun dajin Kalamalue kusa da Kuseri, da damina kuma wasu kan gangara kudu wajen Kaele. Wanda ya share gona a kan hanyarsu ya jefa dawarsa da rayukan iyalinsa cikin haɗari, sau da yawa kuma giwar ce ake kashewa daga baya.

Saboda haka idan lawan ko jauro ya kira taro, a zana taswirar gari a ƙasa, kowa yana gani. A sa gonakin masakwa, da burtali, da mashaya, da tafkuna, da inda ake ganin sawun giwa. Wajibi ne ardo da masunta da matan da ke ɗebo itace su halarta, kuma a sa taron lokacin da makiyaya suke gari, domin wanda ba a shawarce shi ba da wuya ya kiyaye iyakar da aka shata. Itatuwan bakin kogi kada a taɓa su, saiwarsu ce ke riƙe gaɓa.

Abin da aka amince a kai a rubuta shi, a kai wa lamido da ofishin magajin gari, a kuma dasa itatuwa a kan iyakokin.

Aiki: Ku zana taswirar garinku, ku nuna burtalin da gona ta cinye, ku rubuta sunayen namun daji uku da kakanninku suka sani amma yanzu ba a ganin su.