Yadda za ka tsara aikin shago ranar hutu ba tare da ka danne kowa ba

Duk sanda babban hutu ya matso gardamar nan sai ta tashi, wasu su ce a rufe shaguna kowa ya je ya zauna da iyalinsa, wasu su ce toh mai neman magani ko man mota ko madarar jariri fa ya yi yaya. Ni dai ra'ayina a fili yake, in ba abin da rai ya dogara da shi kake sayarwa ba, rufewa ta fi. Amma na san ba kowa ne zai iya ba, shi ya sa maganar nan da mai shago ko manaja nake yinta, sai kuma ma'aikacin da ya duba rosta, wato jadawalin aiki, ya ga sunansa a ranar da kowa ke gida.

Oga, kafin komai ka zauna da littafin ciniki. Yawancin masu buɗewa ranar hutu ba lissafi suka yi ba, tsoro ne kawai, wai kar maƙwabci ya buɗe ya kwashe kwastomomi. Ɗauko cinikin hutun bara, amma kar ka kalli ranar ita kaɗai, kalli satin gaba ɗaya, kwana uku kafin hutun da kwana uku bayansa. Dalili kuwa shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka shigo ranar hutu ba sabon ciniki ba ne, mutanenka ne da da sun san za ka rufe da tun jiya sun zo ko kuma su bari sai gobe, kaga kuɗin dama naka ne, rana kawai ya canza. Abin da za ka ƙirga a matsayin riba shi ne wanda in ka rufe ya tafi ke nan ba zai dawo ba. Daga shi sai ka cire ƙarin kuɗin ma'aikata, wuta, mai gadi, kuɗin motar da za ka ba yara, da ranar hutu ta ramuwa da za ka ba su daga baya wadda ita ma kuɗi ce. In abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, toh me ya sa za ka raba mutum biyar ko goma da gidajensu?

Manyan kantuna ma sun gwada sun gani. A Amurka akwai bikin Godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, shekaru aka yi kantuna na rige-rigen buɗewa da yammacin ranar saboda rangwamen washegari Juma'a, kowa na matso da lokacinsa gaba. Da korona ta zo a 2020 Walmart da Target suka rufe a ranar, kuma ba su koma buɗewa ba, Target ma a 2021 ta fito ta ce rufewar ta zauna ke nan. Costco dama can tana rufewa. Waɗannan ba mutanen da ke wasa da riba ba ne.

Sai doka, kuma don Allah kar ka ɗauka abin da ake yi a wata ƙasa shi ake yi a taka, bambancin da yawa. A Jamus tun 1956 akwai dokar rufe shaguna, Lahadi da ranakun hutu a rufe suke in ban da irin su gidan mai da shagunan tashar jirgi. A Ingila dokar 1994 ta ce babban kanti da ya wuce murabba'in mita 280 awa shida kawai zai buɗe ranar Lahadi kuma ya rufe ranar Ista, sannan dokar 2004 ta hana shi buɗewa ranar Kirsimeti, ƙananan shaguna kuwa ba ruwansu. Amma a Ingilar nan dai doka ba ta tilasta a ƙara wa ma'aikaci kuɗi don ya yi aiki ranar hutu ba, sai abin da kwantiraginsa ya ce. Amurka ma haka, dokar tarayya ta 1938 obataim ta sani, wato abin da ya haura awa 40 a sati a biya shi ɗaya da rabi, ba ta ce komai kan ƙarin kuɗin hutu ba. A Niyu Zilan kuwa dokar 2003 ta ce ɗaya da rabi, in kuma ranar dama ranar aikinka ce a ba ka wata rana ka huta. A Filifin ninki biyu ake biya a manyan ranakun hutu. Saboda haka nemi dokar ƙwadago ta inda kake ka karanta, ko ka tambayi ofishin ƙwadago, abu uku kake so ka sani: an yarda ka buɗe, nawa za ka biya, kuma ma'aikaci na da ikon ya ce a'a ko babu.

Amma fa doka ƙasan magana ce. Don ba ta tilasta maka ƙari ba ba shi ke nufin ka biya mutum kuɗin ranar Talata a ranar da 'ya'yansa ke jiransa a gida ba.

In lissafi ya nuna lallai sai an buɗe, tambaya ta gaba ita ce dole ne wuni guda? Sau da yawa awa huɗu ko biyar sun isa, duba littafin ka ga lokacin da mutane suka fi shigowa ka buɗe a nan, sauran a rufe. Kuma in akwai masu sana'a irin taka kusa da kai ku zauna ku yi karɓa-karɓa, wannan hutun kai, na gaba shi. Haka kemis-kemis ke yi a Jamus, a kowane yanki akwai wanda ke duti dare da ranar hutu, sauran su rufe su liƙa sunansa a ƙofa, mara lafiya bai rasa magani ba kuma ba kowa ne ya rasa hutu ba.

Yanzu wurin da aka fi samun zalunci, wato wa zai zo. A nan zan ɗan daɗe don a nan zumuncin wurin aiki ke lalacewa.

Fara da neman masu so. Za ka yi mamaki, kusan kullum akwai wanda ya fi son ƙarin kuɗin, ko wanda bikin ba nasa ba ne ya fi so a ba shi nasa in ya zo. Inda ma'aikata ke da addini daban-daban wannan abu ne mai sauƙi, wannan ya riƙe wa wancan, wancan ya rama masa, amma ka tambaya, kar ka yanke da kanka cewa wane ai ba ya bikin nan, ba ka san me ya shirya wa ranar ba. Kuma neman masu so ɗin ya zama na gaskiya. In ka tsaya a kan yaro ka ce “wa zai taimaka mana” kana kallon idonsa, kuma kowa ya san wanda ya ƙi za a rage masa awa wata mai zuwa, wannan umarni ne aka sa masa rigar roƙo. Liƙa takarda ko ka tura a guruf ɗin ma'aikata kowa ya rubuta sunansa da kansa, wanda bai rubuta ba kar ya ga canjin fuska.

In masu so ba su isa ba sai a koma layi, kuma layin ya zama a rubuce inda kowa zai gani. Rubuta duk manyan ranakun hutu na shekara tun farkonta, wanda ya yi wannan ba zai yi na gaba ba, wanda ya yi babbar rana bana ba zai yi ta baɗi ba. Ba duk hutu ne darajarsu ɗaya a wurin mutane ba, kar ka ce wane ya yi ƙaramin hutun da ba wanda ya damu da shi don haka ya fita, ka bar mutum ɗaya da manyan ranaku shekara uku a jere.

Abu biyu nake roƙonka ka guje musu. Na farko jibga wa sabon ɗauka komai don shi ba ya iya musu, in ana so a girmama tsofaffin ma'aikata a ba su zaɓin farko a cikin layin, ba a cire su daga layin ba. Na biyu wannan maganar ta “ai kai ba ka da iyali”. Wallahi tana min ciwo. Wanda bai yi aure ba yana da uwa, yana da uba, wataƙila ma shi ne sai ya yi doguwar tafiya kafin ya gan su kuma hutun nan ne kaɗai damarsa a shekara. Mai yara ƙanana yana da uzuri na gaske musamman in makaranta a rufe take ba mai riƙe masa su, a duba masa, amma ba a kan wuyan mutum ɗaya kullum ba.

Fitar da rosta da wuri, sati huɗu in zai yiwu, mutane na sayen tikiti suna yi wa dangi alkawari. Faɗi kuɗin a rubuce kafin ranar, nawa ne a kan awa kuma yaushe zai shigo, ba “za mu gani” ba. Ranar ramuwa ma a sa mata kwanan wata tun yanzu, wadda aka ce “sai an samu sarari” ba ta zuwa. Tuna motar haya tana ƙaranci ranar hutu kuma tana tsada, ka san yadda yaranka za su zo su koma, musamman mata da masu tashi da dare. Kar ka bar mutum ɗaya shi kaɗai a shago da kuɗi don kana tsimin albashi, unguwa ta yi shiru, haɗarin ya fi na kullum, kuma ko banɗaki ba zai iya zagawa ba. Sannan kai kanka ka zo. In ranar ta kai a buɗe shago toh ta kai mai shago ko manaja ya tsaya ko da rabin shif ne, yaran suna lura da wannan fiye da yadda kake zato.

Kwastomomi kuma sanar da su tun sati guda kafin nan, a ƙofa da Facebook da WhatsApp da duk inda aka rubuta lokutan buɗewarka a intanet, rabin fushin da mutane ke yi ba don an rufe ba ne, don sun taso sun tarar da kwaɗo ne ba wanda ya gaya musu.

Kai kuma ɗan'uwa ko 'yar'uwa da aikin ya faɗo kanki, ga naki. Duba takardar ɗaukar aiki ki ga me ta ce kan ranakun hutu, da yawa sun sa hannu ba su karanta wurin ba. In akwai ranar da ba za ki iya ba faɗa da wuri, wata guda kafin nan, kuma ki zo da mafita a hannu: “Oga, ranar nan ba zan samu dama ba, amma na yi magana da wance za ta riƙe min ni kuma in yi mata tata.” Manaja ya fi saurin yarda da wanda ya kawo masa matsala da maganinta tare. Duk musanyar da kuka yi ta bi ta hannunsa kuma a rubuce, ko saƙon waya ne, don in ɗayar ba ta zo ba sunanki ne a rosta. Rubuta lokacin da kika shiga da lokacin da kika tashi, in albashi ya zo ki gwada, in babu ƙarin da aka yi alkawari ki yi magana a satin, kar ki bari ya kwana biyu a ce an manta. In an ƙi, akwai ƙungiyar ƙwadago in kuna da ita, akwai ofishin ƙwadago, kuma ku je ku biyu ko uku ya fi mutum ɗaya.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kashe waya da safe ko a ƙirƙiro ciwon ƙarya. Na san haushin da ke kawo hakan, amma ba oga ne zai sha wahalar ba, abokin aikinki ne da za a kira daga cikin iyalinsa ko wanda zai yi aikin mutum biyu shi kaɗai.

Mu masu saye ma da namu, abin da za ka iya saya jiya saya jiya, in kuma dole ta kai ka ka yi haƙuri da layi, ma'aikata kaɗan ne a ranar kuma ba su suka tsara hakan ba.

Bayan hutu ya wuce, oga, kar ka rufe littafin tukuna. Rubuta nawa aka sayar, awa nawa ne aka yi ba kowa a shagon, su wa suka yi duti, an biya su ko ba a biya ba, sun karɓi ranar ramuwarsu ko tana nan. Tambaye su ma me ya fi ba su wahala. Da wannan takardar za ka zauna in hutu na gaba ya matso, in awannin zaman banza sun fi na ciniki yawa sai ka rage lokacin ko ka rufe gaba ɗaya ka sanar da wuri.