Yadda ake cin moriyar karatun bazara a kufan tsohuwar Girka

Kafin ka cike fom, ka tantance irin shirin karatun bazarar Turai (Yuni zuwa Agusta) da kake nema, don iri biyu ne. Akwai na zagaye, wanda malami ke kai ɗalibai kufai da gidajen kayan tarihi, kamar na Makarantar Amurka da ke Atina, wadda aka kafa a 1881, mai ɗaukar mako shida, ko na Makarantar Birtaniya mai kusan mako uku. Akwai kuma na tono, inda za ka yini tsugune a rami ɗaya da cokalin magini. Wanda bai taɓa zuwa ba, gara ya fara da zagaye. Ka soma neman gurbi tun ƙarshen shekara, domin wasu shirye-shiryen a Janairu suke rufe karɓar takardu.

Bizar Schengen ta kwana 90, wato bizar shiga rukunin ƙasashen Turai da Girka ke ciki, ta wadatar. Za a nemi takardar karɓarka daga makarantar, da shaidar masauki, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya shigar da takardu wata shida kafin tafiya. Kada ka bari sai Mayu, lokacin layi ya yi tsawo.

Babban aikin ɗalibi shi ne bayanin da zai gabatar a tsaye a gaban wani gini. Tun kana gida ka buga taswirar wurin, ka karanta rahoton waɗanda suka tona shi: Faransawa a Delfi daga 1892, Jamusawa a Olimfiya daga 1875, Amurkawa a tsohuwar kasuwar Atina daga 1931. Idan ka isa, fara gano arewa, ka daidaita taswirar da ƙasa, sannan ka zagaya harsashin da ƙafa kafin ka buɗe baki. Ɗalibai da yawa suna karanto takarda alhali ginin yana bayansu, kuma wannan asara ce. Ka tsayar da mutane a inuwa, ka nuna musu da hannu abin da kake faɗa.

Abin da ya fi cancantar lokacinka shi ne rarrabe asali da gyara. A Akrofolis, tudun nan na Atina mai tsofaffin gidajen bauta, dutsen da aka cike giɓi da shi ya fi tsohon fari fat. Duba saman tubalan, za ka ga ramukan da aka sassaƙa don ƙarfen da ke ɗaure su. Magina na da sukan zuba narkakkiyar darma a kan ƙarfen don kada ruwa ya taɓa shi. Masu gyara na farkon ƙarni na 20 ba su kare nasu haka ba, sai ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga dutsen. Shi ya sa yanzu ake amfani da taitaniyam, wani ƙarfe da ba ya tsatsa. A Knossos kuwa, tsohuwar fadar da ke tsibirin Crete, jajayen ginshiƙan da kowa ke ɗauka hoto, Arthur Evans, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, shi ne ya sake gina su da kankare bayan tonon da ya fara a 1900. A littafinka ka ware abin da aka tarar a ƙasa da abin da aka ƙara.

Rana ce ke tsara yini. Ka shiga da zarar an buɗe, ka bar gidan kayan tarihi sai tsakar rana. A Yulin 2023 zafi ya sa an riƙa rufe Akrofolis da rana tsaka. Riƙe ruwa aƙalla lita biyu, da malafa, da takalmi mai ƙasan roba, saboda dutsen ya side da sawun mutane, yana da santsi ko babu ruwa. Idan za ka tsibirai, ka bar kwana ɗaya rara, don iskar arewa ta Yuli da Agusta kan hana jiragen ruwa tashi.

Za ka ga tsingaro warwatse a ƙasa. Ka duba, ka bar shi a gurbinsa. Dokar Girka ta haramta ɗaukarsa, kuma wurin da ya kwanta ne ke taimaka wa masana sanin shekarun ginin. A wurin tono kuma, kada ka ɗora hoton abin da aka haƙo a intanet sai da izinin shugaban aikin.