Amsar Disamba ta fito: kurakuran da yaranmu ke yi da jami'o'in Amurka

Da Disamba ta raba, wayata ba ta hutawa. Yaran da suka tura takardu jami'o'in Amurka a zagayen farko, tun 1 ga Nuwamba, amsarsu ta fito: an ɗauka, an ɗage zuwa zagaye na biyu, ko an ce a yi haƙuri. Kuskuren bara shi ne na bana, ni kuwa na gaji da maimaita magana ɗaya a waya.

Wanda ya fi ci min rai shi ne murna kafin a karanta takardar kuɗi. Yaro ya ga an ɗauke shi, ya watsa a WhatsApp, gwaggo ta rangaɗa guɗa, amma ba wanda ya buɗe shafi na biyu. Takardar shiga daban, ta tallafi daban. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, kuɗin karatu da ɗaki da abinci na shekara guda kan haura dala 80,000. Ko sun yafe maka kashi 90 cikin 100, saura 8,000. Juya wannan zuwa naira ka faɗa wa mahaifinka.

Ni a nan na sha kashi. Na ga tallafi mai kauri, na janye duk sauran takarduna a daren, ban lura ba su lissafa inshorar lafiya da tikitin jirgi a ciki ba. Da aka zo batun I-20, takardar da ake neman biza da ita, suka ce mu nuna kuɗin shekara ɗaya a banki. Baba ya daɗe yana kallon lissafin, sannan ya ce, "To, ina za mu samo?" Shekara guda na yi a gida ina amsa gaisuwar "ba ka tafi ba har yanzu?"

Shi ya sa duk yaron da ya zo wurina, biro da takarda muke fara ɗauka, mahaifinsa yana zaune. Zagayen farko iri biyu ne. In ta tsarin Early Decision aka ɗauke ka, alƙawari ne: kai da mahaifi da malamin makaranta kun sa hannu za ka je, kuma dole ka janye daga sauran. Amma rashin isasshen tallafi uzuri ne da suke karɓa. Saboda haka rubuta wa ofishin tallafi tukuna, ka haɗa da bayanin asusun banki, ka ji ta bakinsu kafin ka janye komai. Ɗaya tsarin kuwa, Early Action, ba ya ɗaure kowa. Kana da har 1 ga Mayu ka ba su amsa, gaggawar me kake yi?

Sai masu kwanciya ciwo don an ɗage su. Haba yara! Ba korar ku aka yi ba, za a sake duba takardunku tare da na sauran, amsa ta zo wajen ƙarshen Maris. Tura sakamakon zangon farko, in jami'ar ta yarda ka haɗa da wasiƙa ɗaya gajera mai faɗin sabon abin da ka yi tun Nuwamba. Ɗaya na ce, ba saƙo duk Juma'a ba. Abin takaici, jami'o'i da yawa a farkon Janairu suke rufe zagaye na biyu, wato mako biyu ya rage maka, kai kuma ba ka rubuta ko layi ba don ka sa rai a wuri guda. Ƙa'idata ita ce a gama komai kafin 10 ga Disamba. Wasu na cewa na cika tsanani. Eh, na ji.

Ƙananan kurakurai kuma: kada ka yi sakaci da WAEC, jami'ar na iya ƙwace gurbin in sakamako ya faɗi. FAFSA, takardar neman tallafin gwamnatin Amurka, ba taka ba ce, ta 'yan ƙasarsu ce da masu izinin zama na dindindin. CSS Profile, takardar neman tallafin jami'a, yawanci ake nema daga gare ka. In fasfo ya ce Muhammad, kada I-20 ta ce Mohammed. Tanadi dala 350 na SEVIS, kuɗin rajistar ɗaliban waje da ake biya kafin neman biza.

Kuma ka yi rajistar JAMB. Gurbi ba biza ba ne: a Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, har da ɗalibai masu takardar shiga a hannu.