Yadda Ake Ceto Tarihin Kulob ɗin Mawaƙa Kafin a Rufe Shi

Kulob ɗin Cavern na Liverpool, ɗakin kiɗa na ƙarƙashin ƙasa inda ƙungiyar mawaƙa ta Beatles suka yi wasa kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963, an rufe shi a 1973 aka cike ramin da ɓaraguzai. Wanda baƙi ke shiga yau ginin 1984 ne. CBGB na New York kuwa, wanda Hilly Kristal ya buɗe a 1973, inda ƙungiyoyin mawaƙa na Ramones da Blondie suka yi suna, rikicin kuɗin haya ne ya kai ga rufe shi a Oktoban 2006. Irin wannan wuri ba ya daɗewa, don haka tun ana kiɗa ake fara tattara kayan tarihinsa.

A fara da bango. A ɗauki hotonsa gaɓa-gaɓa, kowane hoto ya hau kan na baya da kashi ɗaya cikin uku, da tef ɗin awo a gefe. Kada a ɓare fosta ko sitika, domin an manna su ne wani kan wani shekara da shekaru, kuma wannan jerin shi ke nuna wa ya riga wa. In bangon katako ne, a cire allon ɗungurungum.

Takardun talla su ne masu wahala, don galibi ba sa ɗauke da shekara. Dabarar ita ce a haɗa ranar mako da kwanan wata: in an rubuta Asabar 14 ga wata kaza, a duba kalanda, shekaru kaɗan ne za su dace, sai sunan mawaƙan ya raba gardama. Da fensir ake rubutu a baya, biro yana ratsa takarda. Salatif yana barin tabon da ba ya fita, laminatin kuma ba a warware shi. A yi sikanin a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), a ajiye a TIFF, nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci.

Kaset kuma, a karya ɗan harshen da ke samansa tukuna don kada a ɗauki wani abu a kai. A kunna sau ɗaya, a kwafe a kwamfuta a WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci, a saitin 96 kHz, 24 bit. Tsofaffin zaren rikoda na buɗaɗɗen naɗi (reel) daga shekarun 1970 da 1980 kan sha danshi su yi danƙo. In aka ji zare yana ƙara kamar ɓera, a tsaya nan take. Gasa shi ake yi a wajen digiri 54 na Celsius na tsawon sa'o'i, kuma aikin gwani ne.

Ma'ajiya ta zauna ƙasa da digiri 20, danshi tsakanin kashi 30 da 50. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, irin na Cavern, ya fi ko'ina lalata kaya. A yi wa fayilolin kwafi uku, ɗaya a wani gari.

Wajen hira kowa mawaƙa yake bi. Mai haɗa sauti da mai tsaron ƙofa sun fi su riƙe kwanaki, don kullum suna nan. A tambaye su inda littafin jerin wasanni yake, a kuma karɓi izininsu a rubuce kafin a kunna rikoda.