Yadda zaki haɗa tukwane masu ƙarko a Legas ba tare da kuɗinki sun tafi a banza ba

'Yan uwa mata, musamman amare da iyayen amare masu haɗa kayan kicin a nan Legas, har da samarinmu da ke zaman kansu a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba suna ɗora girki da kansu, dan Allah kafin ku ciro kuɗin set ɗin tukwane ku ɗan tsaya ku karanta wannan. Abin yana ci min rai wallahi, mace zata yi wata da watanni tana zubin adashi, ranar kwasa ta je ta ɗauko ƙaton kwali mai hoton tukwane suna ta ƙyalli, kafin shekara ta zagayo hannu ya fita, ƙasa ya lotse, fentin ciki yana ɓarewa yana bin miya, alhali kuɗin nan da ta zube sun isa su sai mata tukwane huɗu da har zata aurar da 'yarta suna nan suna aiki.

Ni shawarata ki haɗa set ɗinki da kanki, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon abinda kike dafawa. Kwalin da aka rubuta guda 12 a jiki, ki buɗe ki ƙirga, yawanci tukunya 6 ce da murfi 6, wani ma har ludayi da cokalin suya sun shiga lissafi. A cikin shidan kuma biyu ƙanana ne sosai, biyu girmansu kusan ɗaya, sai ki ga kullum guda biyu kike wahalarwa sauran suna saman kabad ƙura na hawansu.

To fara da tambayar kanki me ake ci a gidan. Gidan Bahaushe ko a ina yake ba ya rasa tuwo, na shinkafa ko masara ko semo, da miya, da shinkafa fara ko dafa-duka, wake, taliya, sai suyar doya da filanten da ƙwai tunda zaman Legas ya koya mana, sai ruwan shayi da indomin yara. Wannan duk abu biyar ne suke ɗauke shi, babbar tukunya ta tuwo da shinkafa, matsakaiciya ta miya, ƙarama ta shayi da ɗumame, kasko mai zurfi na suya, da ɗan kasko na ƙwai. Girman tukunya da santimita ake auna faɗin bakinta, zaki ga lamba a ƙasa ko a kwali. In ku biyu ne zuwa huɗu, 24 ta isa babba, tana cin wajen lita 5, miya a 20, ƙarama 16. In gidan ya kai mutum shida zuwa takwas ki hau 28 da 24 da 18. Tukunyar suna da ta biki kar ki saka ta a lissafi yanzu, ranar da ta kama a ara ko a yi haya.

Kuma ki duba abinda kike girki a kai. Da yawanmu a ɗaki ɗaya muke ko ɗaki da falo, da ƙaramar silinda mai kilo 3 ko 6 wadda kan girkin ke samanta. Irin wannan in kika ɗora doguwar tukunya mai tsayi kika sa muciya zaki ji tana rawa, haɗari ne babba ga ke ga yara. Ki nemi gajera mai faɗi mai kunnuwa biyu. Sannan wutar irin wannan gas ɗin tana lasar gefen tukunya ta hau sama, shi yasa hannun roba ba ya daɗewa, ya ƙone ya yi wari ya tsage. Hannun ƙarfe ya fi, ki riƙa sa tsumma kawai.

Yanzu maganar ƙarfen kanshi, nan ne kuɗi ke tafiya ko su tsaya.

Alminiyum shi ne na talaka kuma ba abin raini bane. Yana ɗaukar zafi da sauri ya watsa shi ko'ina, ya ninka silba, wato sitenles, a wannan fiye da sau goma, kinga gas ɗinki zai fi auki. Ba ya tsatsa, wanda a garin nan mai danshi da iskar teku ba ƙaramin abu bane. Kamfanin Tower da ke Ikeja ya daɗe yana yin irin waɗannan tukwanen, iyayenmu da yawa da su aka kai su ɗaki. Matsalar alminiyum guda ce, in ya yi siriri. Siririyar tukunya wuta na taɓa ta tsakiya ya yi jau gefe bai ji ba, shinkafa ta kama tun ruwa bai tsotse ba, ƙauri ya cika gida, ki yi ta kankarar ƙanzo da cokali har wata rana ki ɗaga ta ki hango haske ta ƙasa. Dan haka kauri zaki bi, ƙasan ya kai kamar milimita 3, ki ji nauyinta a hannu. Sai ki kiyaye abu biyu, tsami da kanwa. Miyar tumatir, kunun tsamiya, zoɓo, ki dafa ki juye, kar su kwana a ciki dan suna cin jikin tukunyar. Kanwa kuma da muke sawa a wake da kuɓewa da kuka ita ke baƙanta cikin, in ya yi baƙi ki tafasa ruwa da lemon tsami a ciki zai washe.

Akwai kuma tukwanen zubi da ake narka tsofaffin ƙarafa a yi su, masu nauyin nan da ake ɗorawa a murhu ko gawayi. Ƙarko kam ba a magana, kuma 'yan uwanmu ne ke wannan sana'a suna ci da iyali, ban so in taɓa abincin kowa. Amma gaskiya sai an faɗe ta, wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano irin waɗannan da ake zubawa daga tarkacen kayan inji da sauransu suna sakin gubar dalma, kuma tsami na ƙara fito da ita. Mu 'yan Arewa mun ga abinda wannan guba ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can ta hanyar haƙar zinare ta zo. Ni dai ba zan ce ki dama kunun jariri ko ki yi miyar kullum a cikinta ba. In kina da ita ki bar ta wa dafa ruwan wanka da makamantansu, na cin yau da gobe ki sai na kamfani.

Silba, wato sitenles, ita ce ta miya. Ba ruwanta da tsami ko kanwa, miya ta kwana a ciki ki ɗumama da safe lafiya lau, kuma in mai kyau ce sai dai ki gaji da ita. Amma silba zalla ba ta iya raba zafi, shi yasa masu kyau ake manna musu faifai mai kauri a ƙasa da alminiyum a tsakiya. Ki juya ta ki gani, in ƙasan da gefen kaurinsu ɗaya kamar kwanon sha, ajiye ta, wannan ko albasa kika soya sai ta ƙone. Ki duba rubutun ƙasa, 18/10 ko 18/8 ko 304 su ne masu jure tsatsa. Mai 201 ta fi araha, a shago ƙyallinsu ɗaya, amma in ta haɗu da danshin Legas da ruwan rijiya ko bohol mai gishiri sai ki fara ganin ɗige-ɗigen tsatsa wajen kunnuwa da bakin murfi. Wasu masu shago zasu ɗauko maganaɗisu su nuna miki bai kama ba wai shaidar orijina ce, kar wannan ya ruɗe ki, 201 ɗin ma yawanci ba ya kamawa. Amfanin maganaɗisu ɗaya ne, in ya manne a ƙasan tukunya to zata yi aiki a kan murhun lantarki da ake kira indokshon, ga mai shi.

Nonstik kuma, wato wanda abinci ba ya manne masa, da 'yan uwansa da ake kira giranit ko mabul masu ɗige-ɗige masu kyau a ido, kusan duk alminiyum ne aka shafe da fenti na musamman. Fentin nan yana da wa'adi, ko ya kika lallaɓa shi zai tafi, kuma zafi in ya wuce wajen digiri 260 yake fara lalacewa, abinda kasko ba komai a ciki kan wutar gas zai kai cikin 'yan mintuna. To ki faɗa min yaya zai yi da muciya da tuƙin tuwo, da soson ƙarfe, da ƙanwar maigida da zata sa cokali mai yatsu ta juya taliya? Set guda na nonstik a matsayin tukwanen kullum asara ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Ki sai ɗan kasko guda ɗaya na ƙwai da fankek, ki ware masa cokalin katako da soso mai laushi, shikenan. Suyar doya, ƙosai, kifi da nama ki nemi kaskon baƙin ƙarfe mai zurfi irin na masu ƙosai, araha gare shi kuma ba ya mutuwa, sai dai a nan garin in kin wanke ki ɗora a wuta ya bushe ki shafa ɗan mai, in ba haka ba kwana biyu ya yi ja.

In kika tashi saye, kasuwannin cikin Island wajen Ebute Ero da Idumota nan ne dilolin kayan kicin suke, akwai kuma Trade Fair ta hanyar Badagry, sun fi kantunan unguwa sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ki haɗa da kuɗin mota da na ɗan dako a lissafi, in tukunya ɗaya zaki saya wataƙila kasuwar kusa da ke ta fi miki, in da yawa ne ku haɗu ku biyu ko uku ku yi sari. Kar ki yi sammako ranar Alhamis, ana sharar kasuwa, sai wajen 10 ake buɗe shaguna.

A shagon kar ki ji kunya, kuɗinki ne. Ki ce a fito da ita daga kwali, wadda za a baki ɗin, ba ta nuni ba. Ki ɗauki biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kowane hannu, wadda ta fi nauyi ita ce. Ki sa manyan yatsunki biyu ki danna tsakiyar ƙasan, in ya shiga ya dawo yana ƙwas ƙwas to ba ta da jiki. Ki matse bakin da tafukanki, mai kyau ba ta motsi. Ki ajiye ta kan tayil ki taɓa gefe ki ga ko tana rawa. Sai kunnuwa, ki leƙa ciki ki ga kan ƙusoshin da aka dasa suka ratsa jikin tukunyar, biyu ko uku kowane gefe, su ne masu riƙo. Wanda aka ɗan ɗiga walda daga waje shi ke ɓallewa rana tsaka da tafasasshen ruwa a hannunki, Allah ya kiyaye. Mai noti kuma yana kwancewa amma ana ɗaurewa, da sauƙi. Ki rufe murfin ki juya shi, ya zauna daram ba gefe a ɗage ba, dan tururin da ke gudu gas ne ke gudu. Murfin gilas yana da daɗi kina ganin girki, amma in kicin ɗin haɗaka kuke da maƙwabta ko akwai yara, na ƙarfe ya fi kwanciyar hankali. Ki shafa yatsa a baki ki ji ko akwai kaifi. Duk sunan da ya yi suna ana masa jabu, dan haka ki duba tambarin a buge yake a jikin ƙarfen ko sitika ce kawai aka liƙa.

Wajen kuɗi, farashi yanzu ba ya kwana inda ya yini, ki zaga shago uku ko huɗu ki ji bakinsu kafin ki fara tayi, kuma kar ki nuna wadda ranki ya kwanta da ita tun farko. Kaso mafi tsoka ki zuba shi a babbar tukunya da ta miya tunda su ke hawa wuta kullum, ƙaramar ta shayi ko mai araha ce ba laifi, ruwa kawai take dafawa. In kuɗin basu kai ba ki sai biyun nan da kasko ki dawo gida, wata mai zuwa ki ƙara. Iyaye mata na san akwai maganar jere da idon dangin ango, to a sa kuloli da faranti masu kyau su cika ido, tukwane dai a sai na aiki. Masu saye a intanet kuma ku tambayi santimita da nauyin kowace tukunya kafin ku tura kuɗi, hoto ba ya nuna kauri, in da hali a biya bayan kaya sun iso an buɗe.

Gwanjo ma hanya ce, a Katangowa da wajen masu kayan tokunbo ana dacewa da silba mai nauyi da sabuwarta ta fi ƙarfin aljihu. Silba da baƙin ƙarfe kawai zaki ɗauka a can, tsohon nonstik ko kyauta aka baki ki bar shi. Ki duba faifan ƙasa bai fara rabuwa da jiki ba, ki zuba ruwa in an yarda ki ga ko tana yoyo.

In Allah ya hore daga baya, ki ƙara da tukunyar fresha, mai kulle tururi a ciki ta dafa abu da sauri, masu dafa wake da ganda da ƙafar saniya su suka san gas ɗin da take ragewa, sai dai kafin ki biya ki tambaya ko ana samun robar murfinta a kasuwa, dan ita ke fara gajiya.

Sauran kuma riƙo ne. Kar ki sauke tukunya da zafinta ki kwara mata ruwan sanyi, shi ke bankare ƙasan ta daina zama daidai, ki bari ta huce ki jiƙa ƙanzon ya saki da kanshi. A silba ki bari ruwa ya tafasa kafin ki zuba gishiri, in ya kwanta a ƙasa cikin ruwan sanyi yana yi mata ƙananan ramuka, kuma kar ki jiƙa ta da bilic. Wuta kar ta wuce faɗin ƙasan tukunya. In kin wanke ki kife su su tsane sosai kafin ki jera a kabad, musamman da damina da komai na ɗaki ke yin danshi, kaskon nonstik ɗin kuma ki sa masa tsumma ko kwali a ciki kafin ki ɗora wata tukunya a kai.