Yadda za a gyara ƙungiyar ƙwallon kwando mai sarewa a zangon ƙarshe

Idan ƙungiya tana riƙe wasa har hutun rabin lokaci, sannan a zango na huɗu a yi mata ruwan ƙwallaye, abin da koci ya saba yi washegari shi ne ya jera 'yan wasa su yi ta zagaye fili har wani ya yi amai. Wannan horon fushi ne. A zafin Birnin Kebbi ko Gusau yana ƙarasa ƙafafun da ake son farfaɗowa. Kafin a ƙara gudu ko na taku ɗaya, a fara gano inda ciwon yake.

A sa mutum ɗaya ya ɗauki wasa biyu ko uku a waya, daga usur na farko zuwa na ƙarshe. A zauna da takarda, a raba ta gida huɗu, kowane zango na minti 10 da gidansa. A ƙirga sau nawa aka zubar da ƙwallo, sau nawa abokan karawa suka riga 'yan baya komawa gida, da kuma inda jifan da bai shiga ba yake bugawa. Idan a zango na huɗu ƙwallo tana yawan bugun bakin zobe na gaba, ƙafa ce ta mutu, domin ƙarfin jifa daga gwiwa yake tasowa. Idan kuwa tun zangon farko ake zubar da ƙwallo, laifin tsarin wasa ne, gudu ba zai gyara shi ba.

A duba rabon mintuna ma. Wasa minti 40 ne, mutum 5 a fili, wato minti 200 za a raba wa mutum 12. Kocin da ke tsoron kora yakan manne wa mutum biyar ko shida, kowa ya yi minti 35 ko fiye, sauran suna ɗumama benci. Irin wannan ƙungiya dole ta sare, ko da 'yan wasanta dawakai ne. A saba da juya mutum 8 zuwa 9, a fitar da babban ɗan wasa minti 2 kafin ƙarshen zangon farko da na uku, hutunsa ya haɗe da minti 2 na tsakanin zanguna.

Sai gwaji. Faɗin fili mita 15 ne. Ɗan wasa ya ratsa shi sau 17, yana taka layi kowane juyi, a kama lokacinsa. Masu riƙe ƙwallo su nemi daƙiƙa 60, dogayen da ke ƙarƙashin kwando a yi musu rangwamen daƙiƙa 5. A huta minti 2, a maimaita sau uku. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce tazarar da ke tsakanin zagayen farko da na ƙarshe: wanda ya faɗo da yawa shi ne zai ba ka kunya a zango na huɗu. A sake gwajin bayan mako 4.

Gudun kilomita 5 a bakin titi ba ya kama da wasan nan. Ƙwallon kwando fizga ce, tsayawa, juyawa, tsalle, cikin ƙa'idar daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa. Don haka atisayen numfashi ya zama da ƙwallo a hannu: uku da uku a cikakken fili na minti 2 ba tsayawa, hutu minti 1, sau 5 ko 6, kwana biyu a mako. Da zarar an gama, kowa ya yi jifan kyauta 2 yana haki, domin a haka zai yi shi ranar wasa. Bayan kowane atisaye a tambayi ɗan wasa ya ba wahalar maki daga 1 zuwa 10, a ninka da mintunan da aka yi. Minti 90 da maki 7 ya ba da 630. Idan jimillar mako ta yi tsalle sosai a kan ta makon jiya, a sa ran rauni.

Ruwa kuwa, a nan ake asarar wasanni da yawa ba a sani ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, siminti kuma yana riƙe shi har bayan la'asar. A yi atisaye mai nauyi bayan asuba ko dab da magariba. A ajiye sikeli a bakin fili, kowa ya hau kafin farawa da bayan gamawa. Duk kilo 1 da ya ragu a mayar da lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata 3, a hankali cikin sa'o'in da suka biyo. Mai kilo 80 da ya zubar da fiye da kilo 1.6 ya wuce kashi 2 cikin 100, saurinsa da saitinsa sun riga sun taɓu. Mai yawan gumi a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ɗan wasan da aka ɗauko daga Jos ko wata ƙasa mai sanyi yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin jikinsa ya saba, kada a yanke masa hukuncin lalaci a makon farko. Wanda ya fara rikicewa ko tangaɗi a fili, a kwarara masa ruwan sanyi nan take a kai shi asibiti. Da azumi, aiki mai nauyi ya koma bayan buɗe-baki, na rana ya tsaya a jifa da tsara wasa.

Daɓen siminti yana cin gwiwa da idon sawu. Ciwon da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa alamar tsalle ya yi yawa ne: a rage shi, a ƙara tsuguno da nauyi a hankali sau biyu a mako. Wanda ya taɓa targaɗe ya riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, ido a rufe, kuma a ɗaure masa sawun ranar wasa. Kada a bar kowa ya danne ciwo da tramadol. Tun Janairun 2024 WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta shi a lokacin gasa, kuma ɓoye rauni yake yi har ya girma.

Ga shugabannin ƙungiya: ɗan wasan da alawus ɗinsa ya makale, yana zuwa atisaye da shayi kawai a ciki, babu kocin da zai gina masa jiki. Shinkafa, wake, ƙwai, fura da nono, kifin Yawuri, duk suna kusa. A ba su abinci cikin sa'a ɗaya bayan atisaye, a tsare musu barcin awa 8. Jajibirin wasa kada a wuce minti 45 a fili, jifa da bitar tsari kawai, a sallame su.